Dawo da kaya, rigimar kuɗi da caji: tambayoyin da masu sana'ar onlayin suka fi yi min

Na daɗe ina sayar da atamfa, leshi, mayafai da turaren wuta ta waya, ina sarowa a Kantin Kwari ina turawa garuruwa, kuma tambayoyin da ƙannena masu fara sana'a suke yi min kusan guda ɗaya ne kullum, yau wannan ta yi, gobe waccan ta maimaita. Shi ne na ce bari in tattara su wuri ɗaya. Yawanci mata ne suke tambaya shi ya sa za ku ga ina cewa "ki", amma 'yan'uwa maza masu waya da takalma da yadi duk ya shafe ku. Abin da zan ta nanatawa shi ne yawancin rigimar nan tun kafin kaya su bar hannunki ake cin ta ko a faɗi, ba ranar da kwastoma ta kira tana faɗa ba.

Anti, wai akwai bambanci tsakanin sayarwa a Jumia ko Konga da sayarwa a Instagram, WhatsApp ko Jiji idan rigima ta tashi?

Akwai, babba ma, kuma tambayar da za ki yi wa kanki ɗaya ce: a hannun wa kuɗin yake kafin a gama ciniki? A Jumia da Konga, waɗanda duk a 2012 suka fara a Legas, kwastoma kamfanin take biya ba ke ba, su riƙe kuɗin, sai an kai kaya sannan su cire nasu su turo miki saura. Toh tunda kuɗin na hannunsu, su ne alƙalai, idan aka dawo da kaya su za su duba su yanke, kuma dokar da kika danna kika amince da ita ranar da kika buɗe shago ita za ta yi aiki ko kin karanta ko ba ki karanta ba.

Jiji kuwa, wanda ya sayi OLX na Najeriya a 2019, allon talla ne kawai, yana haɗa ki da mai saye ne, ba ya riƙe kuɗin ciniki. Haka Instagram, Facebook, TikTok da status na WhatsApp. A nan ba mai shiga tsakani, daga ke sai kwastoma sai Allah, kuɗi kai tsaye cikin akant ɗinki. Kin tsira daga kamasho amma duk wata hujja ke za ki tanada da hannunki.

Na rubuta "kayan da aka saya ba a dawowa da su" a shafina. Hakan ya isa?

Bai isa ba. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta bai wa mai saye damar dawo da kaya idan suna da aibi, ko idan bai samu damar dubawa ba kafin a kawo masa sai ya tarar ba abin da aka siffanta masa ba ne. Kin ga wannan na biyun ai mu ne, duk cinikinmu hoto ake gani. Rubutun da kika manna ba ya goge wannan haƙƙin, hukumar ma ta sha faɗa cewa tsarin "ba a mayar da kuɗi" kwata-kwata ya saɓa doka.

Abin da ya fi shi ne ki raba gida biyu. Idan laifin daga wajenki ne, wato yagewa, tabo, an tura wani zane daban, yadi bai cika ba, wannan ki karɓa ba gardama. Idan kuma ra'ayi ta canza, ta ga ba ta so ko maigida ya ce bai yi masa ba, nan ne kike da ikon sa sharaɗi, misali cikin kwana biyu ko uku da karɓa, ba a yanka ba, ba a wanke ba, kuma musanya za a yi da wani kaya. Ki rubuta wannan gajere ki tura mata kafin ta biya, ta amsa da "na yarda" ko da da murya ce. Ni kayan da na ke cirewa gaba ɗaya daga musanya su ne kayan ciki, turaren da aka buɗe, da yadin da aka yanka mata daga bandir don ita kaɗai.

A addini fa, ya hukuncin yake?

Wannan a koma wa malamai don cikakken bayani, amma abin da muka koya tun a islamiyya ya ishe mu rabin rigimar. Ɓoye aibin kaya algus ne, kuma hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya tare da mu sananne ne. Mai saye da ya gano aibin da yake tun a hannun mai sayarwa kuma ba a faɗa masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Sannan akwai iƙala, wato mutum ya yi nadamar ciniki ba don wani aibi ba ki yafe masa ki karɓi kayanki ki ba shi kuɗinsa, wannan ba dole ba ne a kanki amma an kwaɗaitar da shi sosai. Na sha yi wa wadda na ga matsi ne ya sa ta dawo, rashin lafiyar yaro ko kuɗin makaranta, kuma ban taɓa nadama ba.

Kwastoma ta ce kalar ba ita ce ta hoto ba, ni kuma na san ita ce. Wa ke da gaskiya?

Wataƙila ku duka. Wannan ita ce rigimar da ta fi kowace yawa a wajen masu sayar da sutura, saboda waya tana ƙara wa kala haske, fitilar shago tana canza ta, kuma fuskar wayarki da tata ba ɗaya ba ne, ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi, ruwan hoda ya koma ja, ruwan zuma ya koma ruwan ƙasa. Wadda za ta yi anko da ƙawayenta kuwa ɗan bambancin nan ba ƙarami ba ne a wajenta, ita kaɗai za ta fita daban a wajen biki.

Ki daina sa filta, dan Allah ki daina. Ki ɗauki hoto a hasken rana, a inuwa, ki ƙara da gajeren bidiyo kina juya zanen, ki faɗi kalar da baki, kuma kar ki tura hoton da dila ya turo miki a matsayin naki in ba ki ga kayan da idonki ba. Idan kin yi duk wannan ta amince sannan ta biya, toh ya zama canjin ra'ayi, sharaɗin da na faɗa a amsar "ba a dawowa da kaya" shi zai yi aiki. Idan kuwa hoton kamfani kika sa, ko kin gyara shi ya yi sheƙi, ki karɓi kayanki kawai, laifinki ne.

Wa zai biya kuɗin motar dawo da kaya?

Mai laifi. Kuskurenki ne, ke za ki biya zuwa da dawowa. Ita ta canza ra'ayi, ita za ta biya, kuma kuɗin webil na farko, wato na aika kayan a mota, ba ya dawowa domin direba ya riga ya ci. Idan abu ne da ba a iya tantance mai laifi ba ku raba biyu. Wani lokaci ma in kayan ba su da tsada, kamar mayafin dubu huɗu da za a biya dubu uku a dawo da shi daga Fatakwal, gara ki yi mata ragi ta riƙe abinta.

An dawo min da kaya amma na ga an sa, ko ma an canza min da wani. Ya zan yi?

Wannan tana da ciwo wallahi. Akwai wadda ta taɓa dawo min da leshi wai bai yi mata ba, ina buɗe leda ƙamshin humra ya buge ni, ga alamar allurar tela a gefe inda aka fara ɗinki aka warware. Abin da ya cece ni bidiyo ne, don na saba kafin in rufe kowane kaya ina ɗaukar bidiyo ina buɗe shi gaba da baya, in nuna tambarin kamfani, in nuna ana sa shi a leda ana naɗe selotef ana rubuta sunanta, in tura mata. Da na tura mata wancan da wanda na ɗauka lokacin buɗewa, ba ta ƙara magana ba, muka daidaita a kan ragi.

Ka'idar ita ce kar ki mayar da kuɗi sai kaya sun iso hannunki kin duba, kuma ki buɗe su kyamara na kunne tun daga ledar waje ba tare da yanke bidiyon ba. Masu waya, ɗan'uwa ka rubuta lambar IMEI a rasit ka ɗauki hotonta, lamba 15 ce, in ka danna *#06# za ta fito, don ana dawo da wata wayar mai irin jikin ko a canza allo da batir. A Jumia kuwa, inda yawancin kaya ake ba kwastoma kwana 7 ya dawo da su, ki duba kayan tun a wajen karɓa, in da matsala ki ɗauki hoto a nan take ki shigar da ƙorafi ta shafin masu sayarwa da wuri, domin lokacin ƙorafin yana da iyaka, in ya wuce ba mai sauraronki.

Ta yaya zan gane alat na bogi?

Kar ki tsaya gane shi ma. Saƙon tes ba hujja ba ne, sikirinshot ba hujja ba ne, rasit mai tambarin banki da koren maki ba hujja ba ne, duk ana haɗa su a minti biyu. Hujja ɗaya ce, ki buɗe manhajar bankinki da hannunki ki ga kuɗin a jerin shige da fice kuma balans ya ƙaru. Shikenan.

Abin da ya kamata ki lura da shi halin mutumin ne. Gaggawa, "Hajiya dan Allah mota za ta tashi", "ga ɗan sahu nan a ƙofar gida yana jira", yawan kira, oda mai yawa daga wanda bai taɓa saye ba kuma ko tayi bai yi ba, sai kuma a zaɓi yammacin Juma'a ko lokacin da aka san netwok na wahala don ki ce ai matsalar banki ce. Ki amsa da ladabi, "ranka ya daɗe da zarar ya shigo zan saki kaya", mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Kuma ki faɗa wa yaran shago da duk wanda yake riƙe miki waya, domin sau da yawa ta wajensu ake shigowa lokacin da ba kya nan.

Kwastoma ta rantse an cire mata kuɗi amma ni ban gani ba. Ƙarya take?

Ba lallai ba, yana faruwa da gaske. Transfa tsakanin banki da banki ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, take bi, wani lokaci kuɗin ya fita daga can ya maƙale a hanya, ko ya shigo bayan awowi ko ya koma mata. Ki ce ta turo miki lambar da ake kira session ID, doguwar lamba ce mai guda 30 da ke jikin rasit, da ita bankinki zai iya dubawa ko kuɗin ya iso, ita kuma ta kai ƙorafi nata bankin don daga can kuɗin ya fita. In ta POS ne ko biya da kati a intanet aka cire bai je ba, tun 2020 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ce a mayar cikin awa 72. Idan banki ya ƙi warwarewa bayan an kai masa ƙorafi a rubuce, ana iya ɗaukaka maganar zuwa sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN, amma sai an fara ta banki tukuna an karɓi lambar ƙorafi.

Ki kuma duba naki ɓangaren, akant na matakin farko ba ya riƙe sama da naira 300,000, in ya cika kuɗi ba za su shiga ba, mutane da yawa suna zargin kwastoma alhali akant ɗinsu ne bai kai ba. Ki ɗaga matakinsa da BVN da NIN da shaidar adireshi. Kafin a warware, ki ajiye mata kayanta a gefe ki gaya mata kin ajiye, amma kar ki saki, dalilin yana cikin amsar alat na bogi.

Wani ya turo min kuɗi ya ce kuskure ne in mayar masa ta wani akant. In tura?

A'a. Ta akant ɗin da kuɗin ya fito kaɗai ake mayarwa, da suna ɗaya, kuma ya fi kyau ki sanar da bankinki su yi ta hannunsu. Ga dalili. Akwai damfarar da ake yi da mutum uku, ɗan damfara ya yi wa wani bawan Allah tallan abin da ba shi da shi, ya ba shi lambar akant ɗinki, shi kuma ɗan damfarar ya zo wajenki a matsayin kwastoma ya yi oda, kuɗi su shigo na gaske, ki saki kaya ko ki "mayar" da rara zuwa inda ya ce. Bayan kwana biyu wanda aka cuta ya kai ƙara, kuma sunan wa ke jikin rasit ɗinsa? Naki. Sai ki wayi gari an sa wa akant ɗinki takunkumi, kuɗi na shiga ba ya fita, jarinki duk yana ciki.

Ya taɓa faruwa da ni a wani banki, na yi kusan wata ina zarya, ga oda ga dila na jira, abin da ya fitar da ni shi ne hirarmu da ban goge ba da hoton takardar webil da lambar direba. Tun daga nan idan sunan da ya turo kuɗi ya bambanta da na mai oda sai na tambaya, "wane ne wannan?", in ta ce mijinta ne ko ɗan POS ne, in ce ta rubuta min haka a saƙo. Kuma ki raba akant na sana'a da na cefane, kar ki tara duk jari wuri ɗaya, in da hali ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ki buɗe akant da shi.

Mene ne cajbak, kuma yana shafar masu karɓar transfa?

Cajbak shi ne mai kati ya je bankinsa ya ce bai san da wannan cirewar ba, ko ya biya ba a kawo masa kaya ba, sai banki ya nemi a janyo kuɗin daga wajen mai sayarwa. Na masu karɓar kuɗi da kati ne, ta Paystack ko Flutterwave ko POS, transfa ta kai tsaye ba ta da wannan tsarin, tata matsalar ita ce takunkumin da na yi bayani a amsar da ta gabata. Abin tsoro a cajbak shi ne yana iya zuwa bayan watanni, a ka'idar Visa da Mastercard sau da yawa har kwana 120 mai kati yake da su, ke kuma lokacin da za a ba ki ki kare kanki awowi ake ƙirgawa ba makonni ba, in kin yi shiru an ɗauka kin amince a cire.

Saboda haka imel ɗin da kika buɗe akant da shi ya zama kina duba shi kullum. Hujjar da ake so ita ce rasit, shaidar an kai kaya da sa hannu ko hoton mai karɓa, da saƙon da ta ce "na karɓa na gode". Wannan saƙon na ƙarshe ki riƙa nemansa daga kowace kwastoma, kuma kar ki kunna saƙo mai ɓacewa da kansa a hirar ciniki, ki ajiye komai aƙalla wata shida.

Kwastomomi suna cewa sai kaya sun iso za su biya. In yarda?

Ki fahimce su, su ma an cuce su, kowa ya san wadda ta tura kuɗin kayan sallah aka toshe ta. Amma biya bayan an kai shi ne ya fi cinye jarin ƙananan 'yan kasuwa, ɗan aike ya je ya yi ta kira waya a kashe, ko a ce "na fita", ko a tsaya sabon tayi a ƙofar gida, ki biya zuwa ki biya dawowa ba ki sayar da komai ba. A cikin gari ina yarda amma sai an fara turo kuɗin dilibari. Wajen gari kuwa sai an biya duka, ko tsohuwar kwastoma ce ta ba da rabi.

Sai dai a kula da maganar kafin alƙalami. In ta ba da wani abu sannan ta fasa, cinye shi gaba ɗaya malaman Malikiyya ba su halatta ba, Hanbaliyya ne suka halatta, mu kuma nan yawanci Malikiyya muke bi. Abin da nake yi, in cire abin da na kashe na zahiri kamar kuɗin mota, in nuna mata lissafi, in mayar mata da saura.

Na kai kaya tasha, sun ɓata ko sun jiƙe a hanya. Asarar wa?

Wannan ya danganta da wanda ya zaɓi hanyar. In ke kika ce "zan kawo miki har garinku", kayan na wuyanki har su isa. In ita ta ce ki bai wa direba wane da ta sani, toh daga lokacin da kika danƙa masa ya zama wakilinta, amma ki sa ta rubuta hakan. A tasha, ko Unguwa Uku ce ko Kawo a Kaduna, kar ki bai wa direba a bakin titi don sauƙin ɗari biyar, ki bi ta ofishin 'yan yuniyon a rubuta a littafi a ba ki takarda, ki ɗauki hoton lambar mota da lambar wayar direba ki tura wa kwastoma nan take. In abu ya ɓata shugabannin tasha suna iya matsa wa direbansu, wanda kika tare a hanya kuwa ba ki da inda za ki kama.

Kaya masu tsada ki bi ta kamfanin aike mai ba da lambar bibiya, ki faɗi ainihin kuɗin kayan, don in kin rage don a rage miki caji, da abin da kika faɗa za a yi lissafi ranar biyan diyya. Da damina leda biyu, turare da humra kuma a naɗe murfi da selotef a sa a kwali.

Waɗanne caji ne ake cirewa da ba na lura da su?

A manyan kasuwanni irin Jumia akwai kamasho, kaso ne na farashi kuma ya bambanta daga nau'in kaya zuwa wani, na sutura daban na waya daban, sai gudummawar kuɗin kai kaya, sai kuɗin ajiya in kayanki na ɗakin ajiyarsu, sai harajin VAT da yake kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, sai tara in aka yi oda kika soke don kaya sun ƙare ko aka dawo da su don rashin inganci. Wannan tarar ita ta fi cin sababbi, an sayar da abu a shago an manta ba a rage adadi a shafi ba. Jadawalin yana canzawa, ki buɗe na yanzu kafin ki sa farashi, kuma duk lokacin da aka biya ki ki sauke bayanin ki bi shi layi-layi.

Paystack a kan katin cikin gida kashi 1.5 ne da ƙarin naira 100, ana yafe ɗarin in cinikin bai kai 2,500 ba, kuma duk girman ciniki cajin ba ya wuce 2,000. Wato atamfar 22,000 za a cire 430. A jadawalin CBN na 2020, transfa tsakanin bankuna naira 10 ce zuwa 5,000, naira 25 zuwa 50,000, naira 50 in ya haura. Sai naira 50 ta gwamnati a kan transfar 10,000 zuwa sama, wadda da mai karɓa ake cire wa, ta shigo su OPay da Moniepoint da PalmPay a Disambar 2024, daga Janairun 2026 kuma aka mayar da ita kan mai turawa. Ki tuna ke ma mai turawa ce duk ranar da kika biya dila ko kika mayar wa kwastoma kuɗi. Ƙananan da ba a rubutawa kuma su ne leda, selotef, data, katin kira, ɗan sahu zuwa tasha, da kuɗin tallan da kika biya wata mai mabiya.

Toh ya zan sa farashi don kar cajin ya cinye riba?

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗora kason a kan kuɗin da take so. A ce kina son 22,000 ta shigo hannunki, a ce kamasho kashi 15 ne, misali nake bayarwa. Kika ɗora kashi 15 ya zama 25,300. Amma su daga 25,300 ɗin za su cire kashi 15, wato 3,795, ya rage 21,505, kin yi asarar 495 a kowane zane ba ki sani ba. Daidai shi ne ki raba 22,000 da 0.85, ya ba ki kusan 25,900. In kashi 10 ne ki raba da 0.90, haka dai.

Sannan ki ware wa dawo da kaya nasa kason. Ki duba littafinki na wata uku, in kin ga a cikin oda ashirin ɗaya na dawowa kuma tana cin miki kamar 4,000 na mota da ragi, toh kowace oda ki ɗora mata 200 ki riƙa ajiyewa gefe. Amfaninsa ba a kuɗi kaɗai yake ba, ranar da aka dawo da kaya ba za ki ji kamar daga jikinki ake yanka ba, sai ki amsa wa kwastoma da sanyin rai. Kuma ki faɗi farashi a dunƙule, kar sai ta zo biya ki ce "ki ƙara ɗari na caji", abu kaɗan ne amma yana ɓata rai.

Ina so in fara sayar wa 'yan ƙasar waje. Dokokin ɗaya ne?

Can sun fi karkata ga mai saye. Kasuwar onlayin ta Etsy na karɓar senti 20 na dalar Amurka a kan kowane kaya da aka jera, na wata huɗu, da kashi 6.5 na ciniki har da kuɗin aike, ban da cajin karɓar kuɗi. A kasuwar eBay mai saye na da kwana 30 ya ce kaya ba su zo ba ko ba su ne aka siffanta ba, a PayPal kuwa, wanda ake biyan kuɗi ta cikinsa, har kwana 180 yake da su ya ce kaya ba su zo ba. Ba a aike ba tare da lambar bibiya ba ko kusa, don in babu ita duk ƙarar "bai iso ba" kin faɗi. Ki fara tabbatar da cewa kasuwar tana karɓar masu sayarwa daga ƙasarki da hanyar da za a biya ki, kar ki ari akant ɗin wani da ke Ingila ko Amurka, ranar da aka rufe shi ba ki da bakin magana a kan kuɗinki.

Kwastoma tana barazanar za ta tona ni a intanet ko ta kawo min 'yan sanda. Me zan yi?

Ki fara ajiye wayar na minti goma kafin ki amsa, domin duk abin da kika rubuta ko kika faɗa da murya cikin fushi shi za a yanka a yaɗa, ba a nuna abin da ya jawo shi. Daga nan ki koma hirarku tun daga farko ki karanta kamar ba ke ba ce, in kin ga laifinki ki kira ta, ki ce "Hajiya ki yi haƙuri, kuskurena ne", ki faɗi ranar da za ki biya kuma ki cika. In kuma kina da gaskiya ki tura mata hujjojin a jere, sharaɗin da ta amince da shi, bidiyon kaya, takardar webil, ki ba ta zaɓi biyu, musanya ko ragi, ki nemi wani babba da kuke ganin girmansa ya shiga, a kasuwa ai haka muka gada.

Maganar 'yan sanda, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai, wannan na kotu ne, kuma Kano da Legas duk suna da kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da mutum zai iya zuwa ba lauya. Damfara ita ce laifi, wato karɓar kuɗi da niyyar ba za a ba da kaya ba, shi ya sa kar ki taɓa kashe waya ko ki toshe wadda kuɗinta ke hannunki, ko da zaginki take, don hakan ne yake sa saɓani ya yi kama da damfara. In an gayyace ki ofis ki je da wani namiji na gida ko lauya da hujjojinki a buge a takarda. Ke ma kuma kar ki rama ta hanyar manna hotonta da lambarta da adireshin gidanta a status, amanar ciniki ce ta sa ta ba ki su, kuma in ta kai ƙara a kan wannan, ke za a tuhuma ko da kayanki ne a hannunta.